Gwangwanin da Na Zare daga Layin Yaya

Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma muna nan tafe. Yau kwana arba'in da aka kai wana makwancinsa. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba, don abin da ya shiga kunnena sau ɗaya ba ya fita. 'Yarsa ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini magana, kada kuma ta ajiye biro ko ta ji abin da bai yi mata daɗi ba.

Ranar rasuwar gidanmu na Tudun Wada ya cika har bakin layi. Masu gyaran rediyo sun zo, masu walda sun zo, matan Makera masu kiwon kaji sun zo su da yawa. Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, kunnena kuma yana kan abin da ake faɗa a bayana. Wata ta ce, "Allah sarki, Baba Injiniya, ai ya huta." Wata ta ce, "Dama kan ya daɗe da tafiya, gangar jiki ce ta rage." Ta ukun ta rage murya ta ce, "Tun ranar ƙwan nan bai sake komawa daidai ba." Ni kuwa amin kawai nake cewa.

Da la'asar tsohon abokin aikinsa ya shigo. Kirista ne, mutumin kudancin jihar nan, tare suka yi ƙuruciyarsu a matatar mai ta wajen Rido. Ya cire hula ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwarsa har tana ƙara.

Ya ce, "Gwaggo, ya haƙuri?"

Na ce da godiya.

Ya ce, "Ina jin abin da suke faɗa a waje. Oga bai ruɗe ba. Har ranar da ya kwanta kansa ya fi nawa. Injin nan lafiyarsa ƙalau, ƙwai kawai aka hana shi."

Na sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka kuka nake yi.

Bari in fara gaya muku wane ne shi, don waɗanda suka san shi a shekaru biyun ƙarshe ba su san shi ba. Shekara tara ya ba ni. Ni ce autar ɗakinmu, kuma Auta yake kirana har na yi jikoki. Mutum ne da ba ya fita sai da ƙaramar sukurdireba a aljihun gaba, ko masallaci zai je. In ya shiga gidan mutane ya ji fanka tana ƙugi, ba zai sha ruwansu ba sai ya hau kujera ya duba ta. Shayinsa ba sukari. Ba ya ɗaga murya. In ransa ya ɓaci sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga, ko da tsaf yake. Da mijina ya rasu, bai tambaye ni ina zan zauna ba. Mota ya turo aka kwashe kayana, ya ba ni ɗakin da ke kallon titi, ya ce, "Nan ya fi kyau da sana'a." A tagar ɗakin nan na shekara ashirin ina sayar da yaji da kuka da daddawa.

Aikinsa a matata, kamar yadda ya gaya mini, shi ne koya wa ƙananan na'urori abin da za su yi: in zafi ya kai kaza ki rufe, in ya sauka ki buɗe. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama. Wata rana ya tarar da ni ina faɗa da kazata da ta tashi daga kan ƙwai, sai ya tsaya ya ce, "Auta, me kaza take yi wa ƙwai wanda akwati ba zai iya ba?"

Na ce, "Yaya, duk bokonka ba ka san kaza ba."

Ya ce, "Shi ya sa na tambayi farfesa."

Na kama hannunsa na cusa ƙarƙashin wata mai kwanci, ta sassare shi, bai janye ba. Na ce ka ji wannan ɗumin, shi ne. Na gaya masa tana juya ƙwan da bakinta, tana fita ta jiƙa gashin ƙirjinta ta dawo. Ya rubuta duk. Wata huɗu bayan nan ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa daga tsohon firiji, da hita, da batir, da faifan sola a kan kwanon rufi. Ƙwaƙwalwar akwatin wani ɗan baƙin abu ne da bai kai farcena ba. Ƙyanƙyasar farko ni na ba da ƙwai, kuma duk layin nan sai da suka ji daga bakina cewa ni na koya wa injin. Daga nan matan Makera suka fara kawo nasu, shugabarsu Maman 'yan biyu a gaba. Shekara uku akwatin bai ba shi kunya ba.

A cikin shekarun nan ne idonsa ya fara mutuwa. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya koma yana karanta kwamfutarsa da madubin ƙara girma, layi ɗaya ɗaya, hancinsa kusan yana taɓa gilashin. Sai ya ƙirƙiro dabarar gwangwanaye. Ya samo katako dogo ya jera ƙananan gwangwanayen tumatir a kai, irin na da, masu kauri. Na tambaye shi ko shi ma yaji zai fara sayarwa.

Ya ce, "Zauna ki ji. Yawancin umarnin da nake rubuta wa injin da yare ne mai kama da na mutane. Akwai tafinta a cikin kwamfuta da ke juya masa shi. A wannan yaren, in ina son zafi sai in ce zafi, in ina son danshi in ce danshi, tafinta ya san inda kowa yake zaune. Amma wurin da ke kunna hita yana kashewa, abin yana son sauri, don haka a tsakiyar rubutun nakan bar tafinta in yi wa injin magana da yarensa na ciki, asembili. A can babu suna. Sai dai in ce masa: tsaya a bakin layi, yi taku kaza, abin da ka tarar ɗauko."

Na ce, "Kamar a aiki baƙo gidan haya, a ce masa ɗaki na huɗu daga ƙofa."

Ya ce, "Da kin yi makaranta da na rasa aiki."

Kowane gwangwani gurbi ɗaya ne a ƙwaƙwalwar injin. A cikin wani ya sa tsakuwa, wani wake, wani ƙwallon dabino, don yatsansa ya gane su. Wasu abubuwan, irin zafi da danshi, lambarsu babba ce, gurbi biyu suke ci, sai ya bar na biyun babu komai a ciki. Wanda yake nema kuma sai ya ɗaura masa zare, ya bi bakin gwangwanayen da yatsa yana ƙirgawa har ya iso zaren. Mun sha faɗa a kan ƙirgen nan. Shi in ya taɓa na farko sai ya ce sifili. Na ce a duniyar Allah ba a fara ƙirge da babu. Ya ce, "Kina tsaye a bakin ƙofa, taku nawa kika yi?" Na ce ni dai na farko ɗaya ne. Har ya mutu ba mu shirya a kan wannan ba.

To, ga inda nake son a buɗe kunne.

Maman 'yan biyu ta roƙe shi ya sa akwatin ya riƙa ƙirga kwanaki, ya buga ƙararrawa in lokacin daina juya ƙwai ya yi, don mata suna mantawa. Ya ce ba wuya. Ya wargaza layinsa ya sake jerawa daga farko, ya shigar da gwangwanin kwanaki dab da wani da yake kira ƙarin wuta. Shi wannan ƙarin wutar, ɗan abin da ake ƙara wa hita ne in gari ya yi sanyi. Yawanci ɗaya ne ko babu. Ya rubuta sabon jerin a kwamfuta da sunayensu, ya ɗaura zare a kan ƙarin wuta, saura ya ƙirga taku ya rubuta lambar a wurin asembilin. Sai lokacin ganin likitan ido ya yi, ya bar aikin ya fita.

Da hantsi masu sayen yaji suka taru a taga, na nemi gwangwanin awona na rasa. Daga baya na gan shi a bakin kwata, babur ya taka shi ya lotse. Gwangwanin yanzu ba ya kai na da, kuma matan layin nan da ido suke gane bambancin. Na leƙa ɗakin Yaya na ga nasa a jere. Na duba na ga ɗaya a gaba-gaba babu komai a ciki. Na ce a raina wannan ai zaman banza yake. Na zare shi.

Da a nan na tsaya, da ban tara ku yau ba. Da na bar gurbin a buɗe, yatsansa zai faɗa ciki ya sani. Amma na san ba ya son a taɓa masa kaya, ni kuma ba na son a yi mini faɗa a shekaruna. Sai na matsa sauran suka haɗe, layin ya koma kamar ba a taɓa ba. Na ce in na gama ciniki zan mayar. Ciniki ya yi kyau ranar, na manta.

Ya dawo an ɗiga masa magani, idon yana ruwa. Ina jin sa ta taga yana ƙwanƙwasa bakin gwangwani: sifili, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya rubuta biyar. Shida ne ya kamata. A cikin injin, taku biyar ba ƙarin wuta ne yake zaune ba, kwanaki ne.

Ya gwada akwatin kamar yadda ya saba, ya sa ma'aunin zafi ya kai shi kusa da ido, komai daidai. Dole ya yi daidai, ranar farko ce, kwanaki suna kan ɗaya. Mata suka kawo ƙwai suka cika shi. Kowace safiya kwana ya ƙaru, injin ya ɗauka cewa aka yi ya ƙara wuta, sai ya ƙara. Koriyar fitilar da ke nuna lafiya tana nan a kunne, don ita ma lambar nan take bi. A kwana na shida na ɗora hannu a jikin akwatin na ji ɗumin ba na kaza ba ne. Na ce ƙila rana ce. A kwana na goma sha ɗaya wari ya gaya wa kowa.

Maman 'yan biyu mace ce mai kirki, amma ranar ƙwan mata fiye da goma ne a wuyanta. Ta fasa ɗaya a tsakar gida, ɗan tsakon ya fara kama jiki, ya dahu a ciki. Ta ce, "Baba, da ka gaya mana ka gaji. Ba laifi ba ne mutum ya tsufa." Ya cire tabarau yana gogewa.

Da suka watse ya shiga ɗaki ya zauna gaban katakon. Wannan karon ba baki yake bi ba, yatsa yake sawa cikin kowane ɗaya. Ya iso wurin danshi ya tsaya. Ya koma farko ya sake. Ina tsaye a ƙofar, gwangwanin yana hannuna, da sauran yaji a gindinsa. A nan na gane abin da na yi, duk da ba wanda ya karanta mini. Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai na tuna yadda na cika layin nan da cewa ni na koya wa injin, na ga fuskar matan in suka ji ni na kashe musu ƙwai saboda awon yaji.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, na jera da kuskure. Na manta ɗaya."

Na ce, "Allah ya kiyaye gaba." Na sa gwangwanin a bayan zanena na fita.

Labari ya kai wa 'yarsa, wannan da ke rubutu, tana aikin jinya a Zariya. Ta zo hankali tashe. Ta tambaye ni, "Gwaggo, kina lura yana mantuwa?" Na ce, "To, tsufa dai." Kalma uku. Da su ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka tambaye shi yau wace rana, aka ce ya zana agogo, mutumin da ba ya ganin takardar. Da su ta kwashe kwamfutarsa da ƙarfen liƙa dalma ta kulle, don kada ya ƙona gida. Bai yi mata musu ba. Sukurdirebar aljihunsa kawai ya ce a bar masa.

Abokin aikin nan nasa ne bai yarda ba. Ya riƙa zuwa duk Asabar da tasa kwamfutar a jaka, su rufe ƙofa, ɗaya da ido ɗaya da kai. Ina kai musu shayi ina jin su. Abokin ya ce, "Oga, tun yaushe nake gaya maka ka daina ƙirge da hannu? Tafinta yana da hanyar da za ka ba shi sunan abu, shi ya ƙirga taku ya miƙa wa asembilin. Ko ka sauya jeri sau goma, lambar za ta bi."

Yaya ya ce, "Na sani. A zamaninmu da hannu muke yi, sai na ga kamar raini ne in tambaya."

"Girman kai dai."

"Na gidanmu ne," in ji Yaya. "Tambayi Auta."

Suka yi dariya, ni ma na yi.

Suka gyara. Ya kwashe gwangwanayen ya zuba a buhu, ya ce ba ya bukatarsu kuma. Saura gwaji, ba kuma wanda zai ba shi ƙwai. Wata safiya ya lallaɓo har tagata, da mata uku tsaye suna jiran awo, ya ce, "Auta, ba ni ƙwai goma na kajinki."

Na ce, "Yaya, kajina ba su yi maka laifin komai ba."

Matan suka kwashe da dariya. Ya ce, "Haka ne," ya juya yana shafa bango. Na sha tambayar kaina dalili. In sun ƙyanƙyashe, za a ce ashe kansa ƙalau, to me ya faru wancan karon? Wannan tambayar nake gudu. Bai sake roƙona ba. Akwatin ya zauna a lungu shekara biyu, na ɗora masa kwandon albasa.

A ciwonsa na ƙarshe ba ya iya cin komai sai kunu. Rannan ina auna gari a gefen gadonsa, ya miƙo hannu ya ce in ba shi abin da nake awo da shi. Na ba shi. Ya juya shi, ya shafa bakin, ya shafa gindin da babban yatsa, ya daɗe. Sai ya miƙo mini ya ce, "Irin na da ne. Ba a samun su yanzu. Riƙe shi da kyau." Bayan ya rasu na kifa gwangwanin a rana, na ga an karce gindinsa da ƙusa, layi uku. Na zazzage buhun nan, kowane ɗaya da nasa karcen. Ko ya gane, ko yatsan ya riga ya mutu, ban sani ba, kuma wanda zan tambaya ya tafi. In ya gane, to ya rufa mini asiri alhali ni na bar nasa a buɗe shekara biyu.

Washegarin sadakar bakwai na aika aka kira mini abokin aikinsa. Na sauke kwandon albasa, na goge akwatin, ya haɗa batir. Na kawo ƙwai goma sha biyu na kajina. Kullum da safe ina ɗora hannu, ɗumin kaza, bai ƙaru ba bai ragu ba. A kwana na sha takwas ƙararrawar da Maman 'yan biyu ta roƙa ta buga, na zauna a ƙasa. Goma suka fito, biyu baragurbi.

Su ne waɗannan da ke yawo a tsakar gida. Jiya 'yarsa ta iso don addu'ar arba'in, ta gan su, ta ce, "Gwaggo, ina kika samo 'yan tsaki ba uwa?" Na ce ta nemo takarda da biro.

Yanzu ta tsaya da rubutu. Ta ce, "Gwaggo, ni na kwashe masa kayan aikinsa. Ni na sa aka ce ya zana agogo." Na ce ta rubuta wannan ma tunda ta faɗa, amma ta rubuta shi a ƙarƙashin nawa. Ke kin yi abin da 'ya take yi a kan abin da aka nuna mata, ni kuma na san abin da na nuna miki. Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki gama rubutun tukuna.

In an idar da addu'a, kafin a raba waina, ina so a karanta wannan a gaban Maman 'yan biyu da matan Makera, da duk wanda ya ce kan wana ya tafi. Ni zan zauna a inda kowa zai ga fuskata. Na fito da katakon na jera gwangwanayen yadda ya jera su, karcensu ya nuna mini. Nawa na riƙe a hannu, wurinsa na bar shi a buɗe, duk mai so ya zo ya sa yatsa.

Ya Allah, bawanka ne da ya gyara abin mutane bai ɓata ba. Ka haskaka masa inda yake kwance fiye da yadda idonsa ya yi duhu a nan, ka yalwata masa, ka haɗa shi da iyayenmu cikin rahama. Ni kuma ka ba ni abin da ya rage mini na kwana in faɗi gaskiya da shi.

Yaya, daidai ka jera. Shida ne. Na ƙirga da kaina, daga sifili na fara.